Ruwa ya jiƙa mini kafet: in wanke ko in haƙura da shi?

"Assalamu alaikum Malam. Mun yi tafiya Zariya ranar Juma'a, da muka dawo Kano ranar Lahadi da yamma sai muka tarar an tafka ruwan sama a daren Asabar. Kwatar layinmu ta cika, ruwan ya shigo tsakar gida har ya haura dokin ƙofar falo, ya jiƙa kafet ɗin tsakiya, ɗan Turkiyya, wanda mahaifina ya saya mini cikin kayan ɗaki. Uwar ɗaka ruwan kwata bai kai can ba, amma rufin ya yi yoyo ta kusurwa, ya jiƙa kusan sulusin kafet ɗin da aka malala daga bango zuwa bango. Mun goge, mun kunna fanka, saman duk ya bushe. Yau Talata, amma in na shigo daga waje ina jin wani ɗan wari. Maigida ya ce a kai su wajen masu wankin mota, ni kuma ina da yaro mai rarrafe. Mu wanke ne, ko mu haƙura mu sayi wasu?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da mafi alheri. A baki tambayarki ɗaya ce, amma a wurina biyu ce, domin kafet biyu kika ambata, ruwa iri biyu ne ya taɓa su, kuma hukuncinsu ba zai zo ɗaya ba. Na daɗe ina shimfiɗa kafet ina wanke shi, a gidaje da ofisoshi da masallatai, kuma duk damina sai na sha irin wannan tambaya. Abin da na lura shi ne, mai kafet yakan fara da gaya mini nawa aka saye shi da yadda samansa yake har yanzu kamar sabo. Ni kuwa ba nan nake dubawa ba. Ina tambaya ne wane ruwa ya shiga, tun yaushe, kuma me ke kwance a ƙarƙashin kafet ɗin. Ke kin riga kin ba ni amsar biyu, saura ta ukun, wadda sai kin durƙusa kin ɗaga kusurwa da hannunki.

Ba duk ruwa ne ɗaya ba

Masu wannan sana'a a Amurka suna da wata cibiya da ake kira IICRC, wadda ta tsara ƙa'idar gyaran ɓarnar ruwa, kuma ta kasa ruwan gida uku. Akwai mai tsafta, kamar na bututun famfo da ya fashe ko tankin sama da ya cika ya tumbatsa. Akwai gurɓatacce matsakaici, kamar ruwan wanki ko na wanke-wanke. Sai na ukun, wanda suke kira baƙin ruwa: na masai, na kwata, da na ambaliyar da ta biyo ƙasa. Ba sai an je Amurka ba kafin a san bambancin ruwan randa da na kwata, amma rabon nasu yana da amfani, saboda kalar ruwa ba ita ce ma'auni ba. Ruwan ambaliya yana iya shigowa garai-garai, ba laka sosai, alhali shi ne mafi haɗari.

Ki tuna abin da kwatar unguwa take ɗauka: ruwan wanka da fitsari, kashin awaki da kaji, tsatson bola, baƙin man masu gyaran babur. In aka yi ruwa mai ƙarfi kuma, sokawe da masai na gidajen da ke sama da ku sukan cika su yi amai, duk ya haɗu ya biyo layi. Ta nan kwalara da taifod da sauran cututtukan gudawa suke yawo. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri ya kwana ya wuni a cikin gidajen mutane, bayan ya bi ta masai da magudanai da maƙabartu. Duk wanda ya tambaye ni game da kafet ɗin da ya kwanta cikin wannan ruwan, amsa ɗaya na ba shi: ya fitar da shi. Naki bai kai wannan girman ba, amma dangi ɗaya ne da shi.

Ruwan rufi kuma mutane sukan ɗauka ruwan sama ne tsantsa. Daga sama da tsaftarsa ya taso, amma kafin ya sauko ɗakinki ya bi ta kan kwano, ya ratsa silin, ya wanko ƙurar shekaru da kashin ɓera da na ƙadangare, wani gidan har da na jemage. Don haka ni a matsakaici nake lissafa shi.

Sai maganar lokaci, kuma nan ne ya kamata ki hanzarta. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta sa iyakar awa 24 zuwa 48: abin da ya jiƙe, in an busar da shi sarai cikin wannan lokacin, galibi fumfuna ba ta samun wurin kamawa. In ya wuce, ta fara. Ana ƙirgawa ne daga sa'ar da ruwa ya taɓa kafet, ba daga sa'ar da aka gani ba. Naku ya jiƙe daren Asabar, yau Talata, kin ga ana neman kwana uku, a ɗaki rufe, cikin damina. A watan Agusta laimar iska a Kano takan haura kashi 70 cikin 100, fumfuna kuwa da zarar an wuce kashi 60 ta samu yadda take so. Da a ce cikin hunturu abin ya faru, lokacin da laimar ke sauka ƙasa da kashi 30, da kafet ɗin da aka baza a tsakar gida ya bushe ƙayau cikin wuni ɗaya. Damina ba ta yi wa mai kafet wannan alfarmar.

Ɗaga kusurwa ki duba

Kin ce saman ya bushe. Na yarda, amma saman kafet shi ne ya fi komai saurin bushewa, kuma shi ne ya fi yaudarar mutane. Kafet na bango zuwa bango hawa-hawa ne. Akwai gashin da ake takawa. A bayansa akwai ƙyalle biyu da aka manne da wani irin gam na roba, su ke riƙe da gashin. Ƙarƙashinsu akwai soson da mai shimfiɗa ya sa don laushi, sannan daɓen siminti ko tayil. Ruwa ƙasa yake bi, don haka yana wuce gashin ya tare a cikin soso, soson kuma ya baza shi gefe da gefe. Shi ya sa sulusin da kika gani a sama, a ƙasa yana iya zama rabin ɗaki. Fankar sama ba ta kaiwa can ko da za ta yi mako tana juyawa.

Warin da kike ji in kin shigo daga waje shi ne shaidarki, ruwa ba ya tsami banza. Kina jin sa ne a bakin ƙofa saboda hanci yakan saba da warin ɗaki bayan 'yan mintuna. Roƙona a nan, ki dakata da turaren wuta da na fesawa har a gama wannan aikin. Na san ba ƙaramin abu ba ne a ce wa uwargida ta bar ɗakinta ba turare, amma turare rufe warin yake yi, ke kuma a yanzu hancinki ne kaɗai na'urar da kike da ita.

Ki fara da kashe wutar ɗakin in akwai soket ko wayar da ke kwance a ƙasa. Ki sa safar hannu ta roba da takunkumi, a fitar da yaron. Sannan a janye gado da durowa, a ɗaga kafet ɗin daga kusurwar da ta yi yoyo. Ki matsa soson da yatsa ki ga ko ruwa zai fito. Ki duba bayan kafet ɗin ko akwai ɗigo-ɗigo baƙi ko kore ko wani fari-fari kamar gari. Ki kama ƙyallen baya ki ja kaɗan: in yana rabuwa da na sama cikin sauƙi, ko gam ɗin yana zuba kamar yashi, to ruwa ya cinye gam ɗin, kuma wannan ba ya gyaruwa. Irin wannan kafet ko an wanke shi, za ki ga ya yi tudu-tudu, gashin yana tsigewa.

A farkon shigata wannan aiki na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Wani magidanci tanki ya tumbatsa masa a ɗakin yara, ruwa mai tsafta. Na zuƙe ruwan da inji, na wanke saman tas, ya roƙe ni in bar soson saboda bai shekara da saye ba, na biye masa. Bayan mako biyu ya kira ni. Da na ɗaga, bayan kafet ɗin ya yi baƙi ƙirin, kuma duk kwanakin nan yara a kai suke kwana. Soson da muka so mu cece shi, wanda shi ne mafi arha a ɗakin, shi ya ja aka yi asarar kafet ɗin gaba ɗaya. Tun daga ranar ban sake mayar da kafet kan soson da ya kwana cikin ruwa ba.

Na uwar ɗaka

Wannan ina kyautata zaton za a iya cetonsa, in a yau aka tashi. A yanke duk soson da ya jiƙe, a ƙara da kamar taku biyu cikin busasshen, a zubar. Kada a shanya shi a mayar. In bayan kafet ɗin bai rabu ba, kuma ba ki ga fumfuna ba, ko kin ga ɗan kaɗan a gefe wanda bai fi tafin hannu ba, a naɗe shi a fitar da shi waje gaba ɗaya a wanke ciki da baya. In kuwa fumfunar ta bazu, ko gam ya saki, sai a haƙura da ɓangaren. Wani lokaci mai shimfiɗa yakan iya yanke ruɓaɓɓen gefen ya bi bakin da ɗinki, ragowar ya zama kafet ɗin ƙaramin ɗaki, ba a yi asarar duka ba.

Daɓen ma yana buƙatar nasa aikin, domin siminti yana shan ruwa yana riƙewa. A wanke shi da omo, a ɗauraye, sannan a bi shi da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik. Na kasuwarmu yawanci an rubuta kashi 3.5 a jikin robar, don haka kofi biyu a bokiti mai lita 20 ya isa. A buɗe tagogi, kuma kada a kuskura a haɗa bilic da maganin wanke masai irin su Harpic, haɗin yana fitar da iskar da ke ƙona huhu. Bayan nan a juya fankar tsaye ta fuskanci ƙasa. In akwai na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta ɗauke ta, a rufe ɗakin a kunna, ta fi fanka zuƙe laima. Kafin a mayar da kafet, ga gwajin da nake yi: a yanko farar leda kamar faɗin dardumar yaro, a manne gefunanta huɗu da salatif a kan daɓen, a bar ta ta kwana. In da safe an ga raɓa a cikinta, ko simintin ƙarƙashinta ya yi duhu, bai bushe ba, a ƙara masa kwanaki. Kuma duk wannan wahalar banza ce in ba a hau rufin an toshe inda yake yoyo ba.

Na falo

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma na san shi ne ya fi tsaya miki a rai. Kayan ɗakin da uba ya yi wa 'yarsa ba a auna su da kuɗin kasuwa.

Da a ce na bango zuwa bango ne ruwan kwata ya shiga, da ban tsaya dogon bayani ba, fitarwa kawai. Amma kafet ɗin tsakiya yana da dama ɗaya da wancan ba shi da ita: ana iya ɗaga shi, a kai shi waje, ruwa ya ratsa shi daga sama zuwa ƙasa. Don haka hukuncinsa ya rataya ne kan abin da aka saƙa shi da shi. Yawancin kafet 'yan Turkiyya da ke kasuwanninmu saƙar inji ne, akasari daga birnin Gaziantep, kuma gashinsu zaren roba ne da ake kira folifirofilin, wanda kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan. Wannan albishir ne. Matsalar tana baya. Da yawansu ana saƙa bayansu da zaren algarara, irin na buhun gyaɗa, mai ruwan ƙasa da kaushi. Shi tsiro ne, yana shan ruwa ya ƙoshi, fumfuna tana cin sa, yana tsukewa in ya bushe, kuma yakan turo wani jan tabo zuwa saman gashi. Ki juya kafet ɗin ki duba. In bayan fari ne mai santsi kamar buhun shinkafa, roba ne. In ruwan ƙasa ne mai gashi-gashi, algarara ne.

In duk roba ne, ciki da baya, kuma gashin ba mai tsawo da kauri ba ne, zan yarda a gwada wanki, bisa sharuɗɗan da zan faɗa. In bayan algarara ne, ko gashin irin mai tsawon nan ne da ƙafa ke nutsewa, kuma ya yi kusan kwana uku da ruwan kwata a jikinsa, to gaskiyar da zan gaya wa ƙanwata ita zan gaya miki: ki haƙura da shi. Ba ni da hanyar da zan tabbatar miki cewa abin da ya shige cikin wannan zaren ya fita duka. Mutanen da suka rubuta ƙa'idojin can da takalmi suke taka kafet, a kan kujera suke zama. Mu a kan kafet muke zama, a kai muke ajiye kwanon tuwo, a kai muke ɗora goshi, a kai yaronki yake rarrafe ya kai hannu baki. In su sun ce a zubar, mu ne muka fi cancantar tsanantawa.

Akwai wanda na keɓe: kafet saƙar hannu na ulu, irin na Farisa, wanda ake gado. Shi darajarsa ta kai a nemi ƙwararre na musamman, kuma bilic ba ya zuwa kusa da shi, domin narkar da ulu yake yi. Na nailan kuma bilic kan kashe masa kala. Folifirofilin ne kaɗai yakan jure bilic ɗin da aka sirka da ruwa, shi ma a fara gwadawa a kusurwa.

Shawarar maigida ta zuwa wajen masu wankin mota ba laifi ba ce, suna da injin da ke feso ruwa da ƙarfi, wanda ba a samu a gida. Sai dai yawancinsu saman suke wankewa ya yi kyau, su tula omo, su shanya a ƙasa. Don haka wani ya tsaya a kai. A gaya musu tun farko ruwan kwata ne, don su ma su kare jikinsu. A fara ta baya, a kore laka har ruwan ya fito fari, sannan a sa sabulu kaɗan a goge, a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya jima kamar minti 10 kafin a ɗauraye. Ɗaurayar ta fi wankin muhimmanci, saboda omon da ya saura yana riƙe danshi yana jawo datti. Kada a kusanto da bakin injin sosai, yana tsige gashi. In an gama a naɗe shi a jingine a tsaye ya tsane, sannan a shanya a kan katanga ko ƙarafa inda iska za ta bi ta sama da ƙasa, bayansa na kallon rana don kada kalar ta koɗe. A shigo da shi kafin raɓar dare ko in hadari ya taso. A damina ki ƙiyasta kwana biyu zuwa uku na rana mai kyau.

In ya dawo, kada a shimfiɗa nan take. A naɗe shi a ajiye a ɗaki rufe ya kwana, ba turare. Da safe ki shigo daga waje ki warware, ki sunkuya ki shinshina bayan. In ƙamshin sabulu kaɗai kika ji ko ba ki ji komai ba, Alhamdulillahi. In wannan warin na danshi ya dawo, wanki na biyu ba kasafai yake canza komai ba, kada a ƙara kashe kuɗi.

Game da kuɗin, lissafin da nake yi wa mutane shi ne a haɗa na wanki da na mota da na sabon soso da ladan mai shimfiɗa. In jimlar ta doshi rabin kuɗin sabo, kuma kafet ɗin dama ya tsufa, gashin inda ake yawan takawa ya kwanta, sabo ya fi. Kuma ba dole ne a saya yanzu ba. Daɓe mai tsafta da tabarmar roba ko ledar ɗaki sun isa a ƙarasa damina da su.

Daga nan ba na ganin kafet ɗinki, ba na jin warinsa, don haka abin da idonki ya gani a ƙarƙashi shi ne gaba da duk abin da na rubuta. Ni kuma ba likita ba ne: in yaron ya fara gudawa, ko tari da shessheƙar numfashi, ko akwai mai asma a gidan, a tafi asibiti, kuma a gaya musu ruwan kwata ya shiga gida. Maganar tsarki don yin salla a kai ta malamai ce, a tambaye su, illa dai ki sani kafet yana iya tsarkaka a hukunce alhali bai kuɓuta daga ƙwayar cuta ba.

In ta kai ga zubarwa, ina roƙonki abu ɗaya da mutane kan manta. Kada a ba da shi sadaka, kada kuma a ajiye shi lafiyayye a bakin bola, domin kafin magariba wani ya ɗauke ya shimfiɗa wa 'ya'yansa. A sa wuƙa a yanka shi gunduwa-gunduwa tukuna. Sannan kafin a shimfiɗa wani a falon, a kira birkila ya ƙara wa dokin ƙofar tsawon bulo ɗaya, a kuma yi magana da maƙwabta a yashe kwatar layin, don watan Satumba ma ana ruwa. A falon da ruwa ya taɓa haurawa, ni ba na ba da shawarar na bango zuwa bango. A tsaya kan na tsakiya, wanda in za ku sake tafiya Zariya cikin damina za ku naɗe shi ku ɗora a kan kujera kafin ku kulle ƙofa.